Gidan Baba Na'am na Bakin Layin Dogo

Duk wanda ya san Baba Na'am ya san sai an maimaita masa magana. Ka ce masa sannu, ya ce, "Na'am?" Ka ce ina gajiya, ya karkato kai ya ce, "Na'am?" Da haka sunan ya bi shi har na yanka ya ɓace. Shi kuwa ko kusa bai yarda kunnensa na da wata matsala ba. A wurinsa mutanen zamanin nan ne ba sa buɗe baki in za su yi magana, sai ƙunƙuni kamar an hana su abinci.

Gaskiyar magana, masaƙa ce ta cinye masa kunne. Yana saurayi ya shiga ɗakin injinan saƙa, bai fito ba sai da furfura. Wanda bai taɓa leƙa ɗakin nan ba ba zai gane ba: injuna jere reras suna bugawa ba hutu, ƙasa na rawa, ƙurar auduga na shawagi. Ko ka kafa baki a kunnen mutum ba zai ji ka ba. Shi ya sa ma'aikatan suka koyi kallon leɓe. Daga wannan bango zuwa wancan mutum zai motsa baki ya ce zare ya tsinke, ko shugaba na tafe, ko ma ya zagi ɗan'uwansa tas, kuma a gane sarai. Masu hankali kan cusa auduga a kunne kafin su shiga. Baba Na'am da ƙuruciya na ɗibarsa ya ce wannan aikin ragwaye ne. To, ga shi nan dai.

Matarsa, wadda yake kira Hajiya, ita kuma abin nata ya zo a juye. Allura ta faɗi a ɗakin maƙwabta sai ta ji, ga ciwon kai mai kwantar da ita in hayaniya ta yi yawa. Kuma duk zamansu a gidan haya suka yi shi, a bayan shagon masu walda, inda ake dukan ƙarfe tun fitowar rana. Baiwar Allah ba ta da mita. Sau ɗaya tak ta taɓa cewa, "Malam, ni dai kafin in mutu Allah Ya ba ni inda kaina zai huta." Wannan kam ya ji ta, kuma ya riƙe. Ya ce mata ranar da aka ba shi kuɗin sallama, gida mai shiru zai saya mata, ya yi alkawari.

Da ritaya ta zo, bai shawarci kowa ba, don so yake ya ba ta mamaki. Dillali ya zagaya da shi gidaje, wanda ya yi masa, aljihu ya hana, wanda aljihu ya isa ko akuya ba za ka ɗaure a ciki ba. Sai rannan ya kai shi wani mai ɗaki biyu da falo, da famfo a tsakar gida, da bishiyar lemo, kuma da arha har abin ya ba shi tsoro. A bayan katangar gidan, layin dogo ne.

A yi wa dillalin adalci, bai ɓoye ba. Ya nuna katangar ya ɗaga murya, "Baba, jirgi fa na wucewa ta nan. Na kaya, na fasinja, ba sa ɗaga ƙafa."

Ana cikin haka sai ga shi ya taho. Dillali ya toshe kunnuwa da yatsu, ya runtse ido. Baba Na'am ya tsaya da hannaye a baya yana saurare. Abin da ya iso masa wani ɗan gurnani ne can ƙasa-ƙasa, da ɗan motsi a tafin ƙafa irin wanda ya saba da shi a wurin aiki. Da taragun ƙarshe ya wuce ya dubi dillali ya yi dariya.

"Wannan ce ƙarar? Kai, yaran yanzu! Ai wannan ko jinjiri ba zai tasa daga barci ba."

Dillali ya buɗe baki zai yi magana, ya tuna da la'adarsa, ya mayar ya rufe.

Ranar tarewa, Hajiya na jera kwanuka a kan kantar ɗaki jirgin farko ya wuce. Murafan tukwane suka hau kaɗawa, kofi ya gangaro ya fashe. Baba Na'am ya leƙo yana washe baki.

"Hajiya, ya kika ga gidanki? Kin ji shiru ko?"

Ta dubi fasasshen kofin, ta dubi fuskarsa. Rabon da ta ga wannan farin cikin a fuskar tun haihuwar 'yarsu Auta. Ta ce, "Ma sha Allah, Malam. Allah Ya saka da alheri."

Shi kam unguwar ta karɓe shi. A tsohon gida ya daina zama cikin mutane, don ya gaji da yin dariya bayan kowa ya gama, ya gaji da ganin ana taɓa juna in ya ce na'am. Nan kuwa mutanen bakin dogo duk da ƙarfi suke magana, ko jirgi na wucewa ko ba ya wucewa, ya zame musu jiki. In za su gaya maka abu, sai sun taɓa kafaɗarka sun fuskance ka. A bencin ƙofar shagon mai aski da ke kallon gidansa, Baba Na'am ya zama ɗan gari. In jirgi ya katse hira kowa ya yi tsuru, shi kaɗai ke gane abin da mai aski ke faɗa, ya riga kowa fashewa da dariya. Har wasa suka mai da abin, in jirgi ya taho wani ya motsa baki, shi kuma ya faɗa musu abin da aka ce bayan ya wuce. Tsoho ya yi ƙiba, ya koma shafa turare.

Abin da bai lura da shi ba, Hajiya na ramewa. Idanunta sun faɗa, kullum ɗankwali a ɗaure tamau har ya rufe kunnuwa. In ya tambayi dalilin ɗaurin, ta ce sanyi take ji.

Wata rana da azahar ya shigo ya same ta barci ya sace ta a kan kujera. Ɗankwalin ya zame. A kunnenta ga wani farin abu ya leƙo. Ya sunkuya ya duba da kyau. Ko a mafarki ya san wannan, auduga ce, an cusa ta da gaggawa, irin cusawar wanda bai iya ba. Yana tsaye jirgi ya zo. Ya ga ruwan da ke cikin kofi a gefenta yana rawa, ya ga ta zabura cikin barci ta dafe kai da hannu biyu, fuskarta a yamutse.

Da Auta ta zo gaishe su da yamma, ya ja ta zaure.

"Ke, gaya mini tsakaninki da Allah. Jirgin nan yana da ƙara?"

Auta ta dube shi ido cikin ido yadda zai gane. "Baba, har cikin haƙori ake jin sa. Masu walda wasa ne a kansa. Mama ce ta hana mu faɗa maka, ta ce duk wanda ya ɓata maka rai a kan gidan nan ba ta yafe ba."

Bai ce na'am ba. Ya zauna a kan dakali, kunya da baƙin ciki suka rufe shi. Abu ɗaya matar nan ta taɓa roƙonsa a duniya, shi ne ya kwashi gumin rayuwarsa ya saya mata kishiyarsa, saboda taurin kan da ya hana shi cewa ba ya ji. Washegari ya nemo dillali ya ce a sa gidan a kasuwa, ko da faɗuwa ne, su koma haya. Bencin mai aski kuwa ya daina zuwa.

Labari ya iso wa Hajiya ta bakin matar mai aski. Ta same shi a gindin lemo yana ta kakkaɓe takalmin da ba shi da ƙura. Ita fa mace ce mai kunya, irin wadda tun aurensu in za ta yi masa magana sai ta sunkuyar da kai, ko ta juya tana wani aiki. Ɗaga murya a kan miji kuwa, a gidan haya da kowa ke kasa kunne, ai sai a ce faɗa take masa. Da kunnensa ya yi nauyi, hirarsu ta yi ta raguwa har ta koma ga abinci, sai na dawo. Yau ma kanta a ƙasa ta fara.

"Na'am?" in ji shi.

Ta sake farawa, sai ga jirgin kaya, irin dogon nan da ba ya ƙarewa. Kwanon rufi ya ɗauki rawa. Haushi ya kama Hajiya. Ta yi abin da ta ga matan unguwar na yi, ta kama hannun rigarsa ta jijjiga, ta ɗago fuska ta dube shi, ta ci gaba da maganarta cikin ƙarar. Ita kanta ba ta jin muryarta, shi ya sa ma kunyar ta sake ta. Shi kuwa ko kalma ɗaya ba ta wuce shi ba.

"Ba zan yi maka ƙarya ba, na tsani jirgin nan. Kaina kamar zai tsage. Amma ba za ka sayar ba. Shekara nawa ina kallon ka kana zaune kai kaɗai kamar baƙo a cikin mutane? Nan nake jiyo dariyarka daga ƙofar gida. Na yi kewar dariyar nan, Malam. Na yi kewar hira da kai."

Jirgin ya wuce, ƙura ta lafa. Hajiya ta saki rigarsa, ta rufe baki da gefen mayafi.

"Na ji," in ji Baba Na'am. "Duk na ji. Hajiya, ni fa kurma ne. In za ki yi mini magana, ki riƙa kallo na haka."

"Yau ka sani?" ta ce, tana dariya tana share ido.

Gidan dai ba a sayar ba, kuma jirgi bai rage ko kaɗan ba. Baba Na'am ya mai da gadonta ɗakin gaba, nesa da katanga, ya toshe tagar baya da tsofaffin barguna, ya liƙe duk wata kafa. Ciwon kan ya ragu, bai tafi ba. A ranar da suka yi maganar nan, da yamma, ya aiki Auta ta sayo auduga mai kyau da man shafawa. Ya zauna ya mulmula ta a tafin hannu da ɗan mai, yadda ya ga abokan aikinsa na yi shekara da shekaru yana musu dariya, don ta zauna daram ta toshe iska.

"Taki ba ta yi ba, ba haka ake cusawa ba," ya ce. "Matso."

Ta zame ɗankwalin ta miƙo masa kunne, ya sa mata a hankali.