Tambayar da Bature Ya Yi Gaban Iyaye

Ina da ɗanyen kai lokacin da En'e, hukumar gargajiya, ta tura ni Sabon Birni in koyar a makarantar elementare. Makarantar rumfa ce doguwa, an kewaye ta da zana, kowa ya bi ta hanyar gulbi yana jin abin da ake yi ciki. Yaran kuwa ba da son iyayensu suka zo ba. Hakimi ne ya raba wa ƙauyuka, kowane mai gari ya kawo nasa kason, shi kuma mai gari ba ya duba gidan mai ƙarfi, sai gidan da ba a iya yi masa musu.

Abin da na tarar ya ba ni haushi ƙwarai. Yaran sun iya karatu, in dai karatu shi ne buɗe baki. Sai su rera shafi guda da waƙa, suna rangaji, ba tuntuɓe. Ka rufe littafi ka ce wa ya mutu a labarin, sai su dubi juna kamar ka tambaye su hanyar Ingila. Na hana rerawa. Na koma karanta musu labari rabi in tsaya, in ce to me zai faru, kuma don me. Kalmar da ba su sani ba ba na faɗa musu ma'anarta, sai sun dubi maƙwabtanta sun lalubo. Ran Litinin kowa ya zo da kalma ɗaya daga bakin tsohuwar gidansu, mu rubuta a allo mu yi ta juya ta. Hedimasta ya ce ina ɓata alli, na ce masa ai don ɓatawa aka yi shi.

A cikinsu akwai wani yaro daga Burkusuma, siriri, mai zanen Gobir da bai gama kwanciya a kumatunsa ba. Shi ne ya fara kama abin. Wata rana muna karanta labarin wani falke da jakinsa ya tsallaka ruwa da gudu, sai ya ɗaga hannu.

“Malam, wanda yar rubuta wanga bai taɓa kora jaki ba.”

Na ce ta yaya ya sani.

“Jaki ba shi shiga ruwa da gudu. Sai an ja shi an tura. Shi dai so shikai labarin shi ƙare da wuri.”

Na yi dariya har na zauna. Tun daga ranar na sa rai a kansa. Ana ɗaukar yara kaɗan zuwa makarantar Midil a Sakkwato, kuma daga ajinmu ɗaya kawai za a ɗauka. Na ƙudura shi ne. Yaron ma ya ƙwallafa rai, har ya tambaye ni ko gaskiya ne a can akwai ɗaki da ba a ajiye komai cikinsa sai littattafai.

Tarihin gidansu ba ɓoyayye ba ne, duk yankin an san shi. Shekarar da fara ta cinye gero, ubansa ya ɗauki gora da tabarma ya tsallaka iyaka zuwa ƙasar da Faransa ke mulki, neman abin da zai aiko. Bai aiko ba, bai dawo ba, har aka ga damina ta zo ta wuce. Uwar ta riƙe yaran da tafasa da dussa. Ƙanwar yaron ƙarama ba ta kai kaka ba. Daga baya uban ya dawo hannu wofi, da tari, ya shiga gidansa, ba wanda ya ce masa komai. Haka ake yi a nan. Ya ci gaba da noma, ɗansa yana durƙusa masa da safe kamar kowane ɗa.

Ranar da Bature mai duba makarantu zai zo zaɓen, hakimi ya aika a tara iyayen yara don baƙo ya ga jama'a na son boko. Aka zaunar da su a gindin bedi, wato dogonyaro, jikin zanar ajinmu, inda ko tari aka yi ciki suna ji. Uban yaron ma ya zo, tun daga Burkusuma a ƙafa, da rigar aro da ta yi masa yawa.

Baturen ba mugu ba ne, gara in faɗi wannan. Hausarsa ta littafi ce, a tsare, ba gishiri. Ya ce ya gaji da yara masu hadda, don haka ya zo da labarin da ba su taɓa gani ba, a takarda guda. Na ji daɗi, na ce a raina yau ranarmu ce. Ya miƙa wa yaron.

Yaron ya fara karantawa, murya a sake. Bai yi nisa ba na gane inda labarin ya dosa. Labarin wani manomi ne da yunwa ta afka wa garinsu, ya bar matarsa da 'ya'yansa ya tafi wata ƙasa, ya daɗe, ya dawo ya tarar gida ya ragu. Hirar da ake yi a gindin bedi ta ɗauke. Yaron bai yi tuntuɓe ba ko sau ɗaya, sai dai muryarsa da ta yi ƙasa.

Bature ya tambaye shi ma'anar kalmomi, ya ba shi. Ya tambaye shi me ya kori mutumin daga gari, ya faɗa. Sai ya gyara zama ya ce, “Yanzu babbar tambaya. Wannan uba, ya kyauta ko bai kyauta ba? Faɗi ra'ayinka, da dalili.”

Yaron ya sunkuyar da kai.

A ƙasarmu ɗa ba ya yanke wa uba hukunci da bakinsa, ko a bayan idonsa, balle uban na zaune bayan zana, gari duk na saurare. In ya ce bai kyauta ba, ya tsinka ubansa a bainar jama'a, abin da uwarsa ma da ta binne ɗiya ba ta yi ba. In ya ce ya kyauta, ya taka kabarin ƙanwarsa. Ba wanda ya fahimci labarin nan a cikin rumfar kamarsa, har wanda ya rubuta shi.

Bature ya maimaita tambayar a hankali, yana tsammanin Hausarsa ce ba ta fita ba. Na matsa na ce, “Ranka shi daɗe, a canza mishi wani labari, wanga yana da nauyi gare shi.” Ban iya faɗin dalili ba, don faɗinsa shi ne tonon asirin da yaron ke rufewa da shirunsa. Baturen ya dube ni da ɗan murmushi ya ce kowane malami yana son a sauƙaƙa wa ɗan gaban goshinsa. Ya ce yaron ya iya furta kalmomi, amma bai iya tunani a kansu ba. Aka ɗauki wani yaro ɗan cikin gari, wanda ya ce uban bai kyauta ba, da ƙarfi, ubansa na waje yana gyaɗa kai.

Da yamma na bi Baturen har barikin da ya sauka na yi masa bayani. Ya saurara, ya ce abin tausayi ne, amma ya riga ya sanar gaban hakimi, ba zai warware ba. Na dawo ina zagin boko da wanda ya kawo shi, ni da nake cin abincinsa.

Yaron ya gama ajinsa ya koma gona. Ni kuma aka mai da ni garin Isa.

Shekaru sun tura, har na fara furfura, aka sake yin wata muguwar shekara, ruwan sama ya ɗauke tun gero na bununi. Ran kasuwar Isa ina tsaye wajen masu dussa, don a lokacin mutane ke cinta ba dabbobi ba, sai wani magidanci ya durƙusa ya gaishe ni. Zanen kumatunsa na fara ganewa. Na tambayi tsohonsa, ya ce ya rasu bara. Na tambayi iyali, ya ce suna Burkusuma, yara uku, ƙaramar tana goye.

Sai ya ce, “Malam, tambayar nan ta Bature. Yanzu tsoho ba shi da rai, ina iya ba ka amsa.”

Na ce ya bar ta, ta wuce.

“A'a, kai kak koya min ba a barin tambaya. Bai kyauta ba, Malam. Kuma ya san bai kyauta ba tun kahin shi hita ƙohwar gida. Wanda yar rubuta labarin bai sa wannan ba, don bai sani ba.”

Na ce shi ta yaya ya sani.

Ya sunkuyar da kai irin na ranar nan. A lokacin na lura da abin da ke rataye a kafaɗarsa, gora da naɗaɗɗiyar tabarma. Na ce ina za shi.

“Za ni kudu, Malam. An ce akwai aiki. In na samu in aiko musu.”