Babban Yatsan Mato

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata da hantsi, takwas ga watan azumin tsofaffi na shekarar 1968, Allah Ya karɓi ran jikana Mato a nan Wad Haddad, bayan zazzaɓin sati uku. Bai cika talatin ba.

Mato, ka yi mini rashin kunya ta ƙarshe. Tun kana cikin tsumma nake kiran ka mijina, da ka yi baki ka ce ba ka auren marar haƙora. Kai ka yi alkawarin haƙa kabarina, ka ce za ka zurfafa shi don kada in fito in ci gaba da surutu. Ga shi ni ce zaune a tabarmar makokinka.

Shekara uku ke nan da injin gurzar auduga ya kama hannun rigarka, ya ja, ya cinye damanka har gwiwar hannu. An daɗe ana gaya wa masu wurin cewa murfin injin ya ɓalle. Kawunka Jibirin ya naɗo hannun cikin farin ƙyalle, aka binne shi a maƙabarta, gindin aduwa. Da ka farfaɗo a asibiti, abin da ka fara ce mini shi ne, "Tsohuwa, na aika a kama mini wuri, kada ki riga ni." Na yi maka dariya, na fita waje na yi kukana.

Daga nan ka daina cin abinci da maza, don ba ka son sa hagu a kwanon taro. Ɗakina kake zuwa, ka zauna, ka kushe miyata, ka cinye. Da hagun nan kake ɗebo mini ruwa, ka ɗebo wa makauniyar maƙwabciyata. Lokacin gurza kuwa, kana tsaye a ƙofar ma'aikatar kana tare sababbin ma'aikata, kana cewa su tuɓe riga mai faɗin hannu kafin su shiga. An kore ka sau biyu, ka koma.

Abin da ke hana ni sukuni shi ne maganar yatsa. Ranar da suka ɗauke ka aiki, babban yatsan dama ka dangwala a littafinsu. Da ka je neman haƙƙinka, bashkatib, wato babban magatakardansu, ya ce masu suna Mato sun yi yawa cikin Fallata, sunan da 'yan ƙasar nan ke kiran mu baƙi daga yamma, sai ka sake dangwala wannan yatsan a gwada. Ka miƙa na hagu, ya ce ba shi ne a littafi ba. Ka ce, "Ya sayyid, wancan yana gindin aduwa, tashi in raka ka." Ko murmushi bai yi ba. Sau goma sha ɗaya ka koma. Ka gaya mini abin da kake so shi ne su rubuta cewa kai ne, kuma injinsu ne, don 'yarka Raliya ta sami abin tsayawa a kai. Ba su rubuta ba.

An haƙa maka kusa da hannunka. Takardar da likita ya rubuta kan hannun tana cikin adakata. In an yi addu'ar bakwai, zan ɗauki matarka Yalwa da Raliya mu je ofishin nan. Zan gaya wa bashkatib cewa mutumin da yatsan yanzu suna wuri ɗaya, ya zaɓa: ko ya taso mu je ya gwada, ko ya ɗauki alƙalami. Ban sani ba ko za su saurari tsohuwa. Amma kai ka san bakina.

Allah Ya jiƙan ka, Ya yalwata kabarinka, Ya tashe ka da hannuwanka biyu. Yalwa, Jibirin, da duk dangi na Rusairis da Abu Hujar, Allah Ya ba mu haƙuri, Ya raya Raliya, Ya tsare waɗanda ke gaban injin nan har yau.

Ka kama mini wuri, mijina, amma kada ka matsa mini. Ina da sauran aiki a ofis.