Jar Motar Yaya a Tungan Maje

Jama'a, ku taya ni addu'a, yau saura kaɗan a ƙona ni da rai!

Motata tana gareji, sai na ari jar motar tseren Yaya Sadiq, mai kujera biyun nan, zan je Gwagwalada. Tun daga Zuba direbobi suka sa ni a gaba. Wani ya danna hon, wani ya leƙo ya ce, "Ɓarayin gwamnati!" Ni da ko tayarta ba zan iya saya ba!

A Tungan Maje wani saurayi mai tasi ya jero da ni. Ya ce, "Oga, mu gwada mana!" Na girgiza kai. Ya yi dariya, ya take mota, yana waigena. Bai ga tirelar da ke tsaye a gabansa ba. Innalillahi! Ƙarar har yanzu tana kunnena.

Na tsaya in taimaka, sai mutane suka yi caa a kaina. "Shi ne! Tsere suke yi!" Aka fasa gilashin baya. Wani har ya ɗauko galan ɗin fetur.

Wata mai gasa masara ce ta shiga tsakani, tana ihu, "Ƙarya ne! Wannan a hankali yake tafiya, ni na gan shi!"

Saurayin yana asibiti, bai farfaɗo ba. Motar tana hannun 'yan sanda. Yaya bai sani ba tukuna, ga kiransa nan yana shigowa.