Inna Mai Kwarashi da Hulunan Bakwaini

Ƙarfe bakwai na safe take gama goge doguwar barandar asibitin. Sai ta jingine tsintsiya, ta wanke hannu har gwiwa, ta je ta zauna a kan bencin da ke ƙofar ɗakin bakwaini. Nan iyayen jarirai ke wuni jugum-jugum, don ba a barin su shiga sai lokacin shayarwa. Shekara ashirin da bakwai ta yi tana haka. Aikin shara aka ɗauke ta, amma duk asibitin Inna Mai Kwarashi suke ce mata.

Ba ta iya dogon lallashi ba. In ta ga sabuwar mai jego ta zuba wa ƙofa ido, sai ta zaro kwarashi da ƙullin zare daga jakarta ta ɗora mata a cinya.

"Riƙe nan, 'yata. Ɗanki na cikin kwalba kansa a buɗe, ke kina nan hannunki a banza."

"Inna, ban iya ba."

"Ni ma ba da shi aka haife ni ba. Yi sarƙa shida, ki haɗe bakin."

Ba ta rowar abin da ta sani. Zaren auduga mai laushi take sa su nema, ban da ulu mai gashi, kada ya shiga hancin yaro. Ƙulli a waje ake barin sa, don fatar bakwaini ko ɗinki na iya yanka ta. Ban da maɓalli, ban da ɗuwatsun ado. A gefen hula kuma a bar 'yar kafa inda robar ƙarin ruwa za ta bi. In wata ta kawo saƙa a karkace, Inna ta ɗaga ta sama ta ce, "Wannan hula ce ko kwandon tumatir?" Sai ka ji dariya a wurin da aka kwana biyu ba a yi ta ba.

Ita kanta ɗanta na fari wata bakwai ya zo, ya kwana uku ya koma. A cikin yagaggen tawul aka miƙo mata shi. Ba ta cika ba da labarin ba.

Wata nas da ta daɗe a ɗakin ba ta manta wata safiya ba. Wata mai jego saura layi biyu ta gama hula aka kira ta ciki. Ashe ɗanta ne ya rasu. Da ta fito, sai ta yi jifa da saƙar, ta zube ƙasa. Inna ta tsince ta, ta karkaɗe, ta zauna ta ƙarasa layi biyun nan.

"Wa za a sa wa kuma, Inna?" in ji matar.

"Mai ita. Tashi mu je."

Nas ta cire wa yaron robobi, Inna ta sa masa hular, ta ɗora shi a hannun uwarsa. Ranar ce kaɗai matar ta ga fuskar ɗanta babu filasta. Nas ɗin ta ce irin wannan ta faru ya fi a ƙirga, kuma ko sau ɗaya Inna ba ta bari uwa ta shiga ita kaɗai ba.

Bara idon Inna ya fara yin hazo. Likita ya duba ya ce jijiyar ta riga ta mutu, ba magani. Watan jiya ta yi tuntuɓe da bokiti ta fasa goshi, aka ce ta je gida ta huta. Ba taro, ba jawabi. Ta ɗauki jakarta, 'yarta ta riƙe mata hannu suka fita.

Inna, ke ce uwar waɗanda suka zo duniya da wuri. Ke ce kika suturta waɗanda suka rayu, kika suturta waɗanda ba su zauna ba. Akwai samari da 'yan mata yau da suke tafiya da ƙafarsu, ba su san hannun da ya fara rufa musu kai ba. Mun gode, Allah ya saka miki.

Yanzu tana ɗakin 'yarta, tana saƙa da lalube. Fari kaɗai ake saya mata, don ba ta bambance launi. Ba ta taɓa rubuta ko salo ɗaya a takarda ba, duk suna cikin yatsunta, yatsun kuma sun fara rawa. Mai hannu biyu da sa'a guda ta rara, ta je ta koya. Da aka tambaye ta ko za ta iya koyarwa a haka, cewa ta yi:

"Su zo. Ba zan ga kuskurensu ba, amma zan ji shi a hannu. Su dai yi sauri."