Shekarun da Muka Jira Teku Ya Ja Baya

A ɗakin Kakata, wadda ta haifi Baba, akwai wata kalanda da ba a taɓa canzawa ba. Wani mai sayar da takin zamani ne ya ba Baba ita a kasuwar Bagudo. Shekararta ta wuce tuni, amma Kaka ta hana a cire ta saboda hoton shafin farko: tsibiri a tsakiyar ruwa shuɗi, da farin rairayi, da itatuwan kwakwa bakwai, ɗaya ta rusuna kamar za ta sha ruwa. Kaka ba ta ce masa tsibiri. Gungu take cewa, kamar yadda muke kiran tsibiran cikin gulbin Kwara. Ta yanke cewa wannan gungun a Kwatano yake, can bakin teku, babu kuma wanda ya taɓa yi mata gardama.

Mijinta, wato kakana marigayi, ya taɓa kai busasshen kifi Kwatano tun yana saurayi. Ya dawo yana ba da labarin ruwan da ba shi da ɗaya gaɓar, ya kuma yi mata alkawarin zai kai ta ta gani. Bai kai ta ba har ya rasu. Baba ya gaji alkawarin tare da fadamar albasa. Shi kansa bai taɓa wuce kasuwar Malanbil ba, nan kusa bayan an tsallaka iyaka.

Ina aji shida na firamare aka kai Kaka asibiti a Birnin Kebbi saboda ta fara tuntuɓe da turmi da bakin ƙofa. Likita ya ce ba yanar ido ba ce da za a cire. Ciwo ne mai cin gani daga gefe-gefe yana matsowa tsakiya, maganin ɗigawa yana rage masa gudu amma ba ya tsayar da shi. Da suka dawo, Baba ya zauna a bakin ƙofarta ya ce, "Inna, bana sai Kwatano, in Allah ya yarda."

"Za mu," in ji ta. "Amma sai ruwa ya sauka."

A gungu aka haifi Kaka, a gidan masunta. Ta iya tuƙa jirgi tun kafin ta iya daka. In ta ce kada a tsallaka yau, ko Baba ba ya tsallakawa. Abin da ta sani shi ne, ba a zuwa gungu ruwa na cike: rairayin ya nutse, wurin sauka ya ɓace, sai ka je ka tarar da kan ciyawa kawai. Mai hankali yana jira sai gulbi ya ja baya. Ta ɗauka teku ma haka yake, mu ma duk muka ɗauka haka.

Matsalar ita ce Kwara sau biyu take cika. Da damina farin ruwa yake zuwa. Kafin ya gama janyewa, sai baƙin ruwa ya iso daga sama lokacin sanyi, ya sake cika ta. Ba ta sauka sosai sai bazara, ita kuwa bazara lokacin cirar albasa ne, ranakun da Baba ba ya iya barin fadama ko na yini ɗaya. Kafin a gama cira da shanya da ɗurawa a buhu, hadari ya taso, an shiga gyaran gona. Lokacin da Baba yake da ɗan sarari, bayan an shigar da hatsi an gama dashe, shi ne daidai lokacin da Kaka take leƙa gulbi ta girgiza kai.

Duk da haka kowace shekara sai mun yi shiri. Ni aka ɗora wa rubutu tunda ni ce 'yar makaranta. Na ware shafukan ƙarshe na wani tsohon littafin lissafi na jera garuruwa kamar yadda Baba ya jiyo daga direbobi: Illo, Malanbil, Kandi, Faraku, Kwatano. A ƙasa na rubuta kayan tafiya. Zannuwa uku, buta, tabarma, maganin ido, katin shaida, takardar rigakafi, ƙuli-ƙuli, garin kwaki, yaji, busasshen kifi. Mama takan ɗauko jakar nan mai layi-layi ta kakkaɓe, ta jera komai, ta zuge, a tura ƙarƙashin gadon Kaka. Akwai kuma wani farin galan da za a ciko da ruwan teku, don matan unguwa sun ji an ce yana maganin ciwon ƙafa, kowace ta yi kamun rabonta tun kafin a tashi.

Bayan wata biyu sai Mama ta jawo jakar ta fitar da ƙuli-ƙulin kafin ya yi tsami, mu cinye. Kifin ya shiga miya. Zannuwan su koma akwati da warin yaji. Na lura a shekara ta biyu ba ta ko linke su da kyau, cusawa kawai take yi.

Kaka tana da hanyar gwada idonta. Kowace Juma'a bayan na ɗiga mata magani, sai ta ce, "Malama, ɗauko min gunguna." In sauko da kalandar in tsaya a bakin ƙofa inda haske yake, ita tana zaune a kan gado, ta ƙirga kwakwar da yatsa a iska. "Bakwai," ta ce. "Da sauranmu."

A aji ɗaya na sakandare, malamin ilmin ƙasa, wanda ya yi bautar ƙasa a wani gari na bakin teku, ya zana mana wata da duniya a allo. Ya ce teku ba ya bin damina ko rani. Kullum yana matsowa yana ja baya, sau biyu a yini, ko da wane wata mutum ya je zai tarar da rairayi. Ban ɗaga hannu ba, ban taɓa ɗaga hannu a aji ba. Na rubuta maganar, na ja mata layi biyu, na dawo gida da ita a baki.

Na tarar da Kaka tana yi wa wata maƙwabciya bayanin yadda baƙin ruwa ya yi yawa bana, ko kusa ba za a ga gungu ba. Na tsaya riƙe da jakar makaranta. Na duba ƙafafuna. Ta yaya yarinyar da ko iyo ba ta iya ba za ta gyara wa 'yar masunta maganar ruwa, a gaban baƙuwa? Na ce sai baƙuwar ta tafi. Da ta tafi na ce sai gobe. Na gwada gaya wa Mama tana tsakiyar tuƙa tuwo, na fara da "Malaminmu ya ce," ta ce in miƙo mata mara, ban ƙarasa ba. Baba kuwa ko kallon idonsa ba na iya yi, balle in ce masa duk gidan an yi kuskure.

Haka muka sake shiri sau biyu ina sane. Na sake rubuta garuruwan da hannuna. Na ci ƙuli-ƙulin.

Wata Juma'a lokacin sanyi, ina aji uku, ƙusar kalandar ta zame, shafukan suka juye. Na ɗauka da sauri na tsaya a bakin ƙofa kamar kullum. Kaka ta ɗaga yatsa ta ƙirga a hankali, har ta ɗan lanƙwasa shi a wurin wadda ta rusuna. "Bakwai," ta ce. Da na juyo da kalandar don in rataye, sai na ga shafin da na nuna mata. Hoton tarakta ne a gonar masara.

Ban rataye ba. Na fita tsakar gida riƙe da ita. Baba yana zaune yana gyaran tiyon ban-ruwa, Mama tana tsince shinkafa.

"Baba," na ce, "teku ba ya sauka da bazara."

Bai ji ba, sai da na maimaita. Na faɗi duk abin da malam ya ce, ina kallon tiyon. Na kuma faɗi maganar taraktar, da murya ƙasa-ƙasa, amma kunnen Kaka bai taɓa samun matsala ba.

"Mi kinka ce?" Ta fito tana dafa bango. "Ruwa dai ruwa ne. Shi malamin naku, a jirgi anka haife shi?"

"Inna, bari in tambaya," in ji Baba. Ya kira wani direba mutumin Illo da ke kai albasa Kwatano, ya buɗe muryar wayar kowa ya ji. Direban ya yi dariya har da tari.

"Malam, wa ya ce maka teku na jiran bazara? Ko yau ka taho rairayi na nan. Shekara nawa kana tambayata hanya, ba ka taɓa tambayata wannan ba."

Baba ya kashe wayar. Ya daɗe yana murza bakin tiyon. Kaka ta juya ta koma ɗaki, na ji ƙarar gado da ta zauna. Can ta ce, ba tare da ta kira sunan kowa ba, "A jawo jakar."

Kwana biyar bayan nan muka tashi, ni da ita da Baba. Ya bar wa ƙaninsa ban-ruwan albasa. A hanyar Illo mun ga Kwara cike maƙil da baƙin ruwa, ban gaya wa Kaka ba, ita ma ba ta tambaya ba, ko da yake na san tana jin warinsa. Sauran tafiyar ba na son tunawa da ita sosai. Kwana biyu, mota uku. Shingaye, sauka, nuna takarda, hawa. Ƙafafun Kaka suka kumbura har takalminta ya ƙi shiga. Na riƙe galan a cinyata tun daga gida har gefensa ya yi min shaida a fata. A Faraku ta yi amai, ta ce a ƙyale ta a nan. Baba ya saya mata lemo, ya yi ta ba ta baki har ta yarda ta sake hawa.

Da hantsi muka isa bakin tekun. Baba ya nuna wa wani mai sayar da kwakwa, wanda ya iya Hausa kaɗan-kaɗan, kalandar da muka taho da ita, ya tambaye shi inda ake samun jirgin zuwa wannan gungun. Mutumin ya duba, ya ce wannan ba a ƙasarsu ba ne, shi ma a hoto yake ganin irinsa. Baba ya naɗe kalandar ya sa a aljihun babbar riga. Ya ce min kada in gaya mata. Ita ma ba ta nemi gungun ba.

Na shimfiɗa mata tabarma a kan rairayi. Ba fari ba ne kamar na hoton, ruwan ƙasa ne, da ledoji jefi-jefi. Ƙarar ruwan ta cika ko'ina. Kaka ta zauna ta miƙe ƙafafu, ta juya kanta hagu, ta juya dama, a hankali, kamar mai neman allura.

"Mi kike gani, Inna?" in ji Baba.

"Haske. Ɗan kaɗan, kamar bakin kofi." Ta laluba ta kama hannuna. "Malama, ina ɗaya gaɓar?"

Na ce babu. Ba ta ji ba saboda rugugin ruwa. Na sake faɗa, ba ta ji ba. Sai da na sa baki kusa da kunnenta na ɗaga murya yadda ban taɓa yi ba, har wasu mata da ke wucewa da tire suka waigo. Na gaya mata ruwan ya tafi har ya haɗu da sama. Na gaya mata kusa da mu launinsa kamar na kunun kanwa, can nesa kuma kamar zanen da aka rina da baba. Akwai jiragen masunta dogaye, bakinsu a ɗage, an yi musu fenti ja da rawaya. Ta tambayi mutum nawa ke tuƙa ɗaya, da yadda suke riƙe filafili, da ko suna fuskantar igiyar ruwan ne ko suna ba ta gefe. Na yi ta amsawa har maƙogwarona ya bushe.

Mun kai azahar a wurin. Ruwa ya matso ya jiƙa bakin tabarmar, muka ja da baya. Bayan ɗan lokaci ya sake cim mana. Kaka ta taɓa jiƙaƙƙen wurin, ta kai yatsa baki, ta tofar.

"Malamin naku ya yi gaskiya," ta ce.

Baba ya tafi neman inda zai yi alwala da ruwan daɗi. Muka rage mu biyu. Har yanzu hannuna yana cikin nata.

"Tun yaushe kinka sani?"

Na so in ce kwanan nan. Na ce, "Tun ina aji ɗaya."

Ta shiga motsa baki, na san ƙirga take yi, na kuma san abin da take iya gani a wancan lokacin, don ni nake riƙe mata kalandar. Ba ta yi faɗa ba. Ta saki hannuna, ta laluba gefenta har ta taɓa galan, ta tura min shi.

"Je ki ciko. Mutane na jira."

Na tattare zanena na shiga har gwiwa. Ruwan yana ja da baya da ƙarfi, yana kwashe rairayin ƙarƙashin ƙafata, galan ɗin kuma ya ƙi nutsewa sai da na danne shi da hannu biyu. Da na fito, Kaka ta riga ta kwanta a kan tabarmar, ta ba tekun baya, ta rufe fuskarta da mayafi.