Ledar da Na Tura Cikin Tanki

Ni dai wauta ba koyonta na yi ba, da ita aka haife ni. Aji uku na yi a firamare, malamai suka gaji da ni, na gaji da su, muka rabu ba faɗa. Amma wadda ta fi ci mini rai ita ce wadda aka ba ni labarinta tun ina ɗan shekara bakwai, na yi wa mai ita dariya, na girma na je na aikata ta ba ragi.

A gidanmu na Ƙofar 'Yandaka, kakarmu Iya Dije ba ta kashe murhu in an kwashe tuwo. Sai ta ja garwashi gefe, ta binne gyaɗa a toka, mu jikoki mu kewaye ta. Kusa da ƙafarta kullum Iliya ne, ɗan gwaggona, taubashina, yaro mai kunne. Ni kuwa ɓangaren toka nake zama, don dalilin da kowa ya sani. Takan buga mafici a ƙasa ta ce, "Ga ta ta iso, wa zai ba ta wuri?" Mu ce, "Ta zauna nan!" Sai ta harare ni ta ce, "Ban da wancan mijin nawa, ɓarawon gyaɗa. Kai da a gidanka nake da yunwa ta daɗe da kashe ni."

Akwai wata tatsuniya da take yawan maimaitawa, ta wasu mutum biyu da za su ƙetare daji da goran ruwa ɗaya. Mai goran yana tsoron kada abokinsa ya sha a ɓoye, sai ya dunƙule auduga ya tura can cikin wuyan goran, inda ido ba ya kaiwa. Audugar ta jiƙe ta zurma ciki, shi kuma ya manta. Rana ta take, ya kafa baki, ruwa ya zo maƙwarwa biyu ya tsaya. Ya girgiza, ya ji ruwa na motsi. Ya sake kafawa, biyu, ya tsaya. Nan Iya Dije kan shaƙe murya ta ce, "Kai ka ɗaure mini ruwa! Kai ne!" Abokin ya ce a juye a ƙwarya a ga abin da ke ciki. Mai gora ya ƙi, don kada a juye wani ya kurɓa. Ya kori abokin. Da ƙishirwa ta kai shi bango ya maka goran a dutse, rairayi ya shanye ruwan, ga audugarsa nan kwance tana kallonsa. Ranar da na fara jin ta na yi dariya har gyaɗa ta sarƙe ni, Iliya ne ya bubbuga mini baya.

Muka girma, na zama direban akori-kura, wata tsohuwa mai kafireta da ta girmi 'yata ta fari. Iliya ya zama bakanike, da 'yar rumfarsa a Ƙofar Kwaya. Ba ya da allon talla, ba ya da gareji, sunansa kawai ke kawo masa motoci. Mutum zai bar masa mota da makulli ya tafi ƙauye kwana uku.

A ƙarshen mulkin soja kowa ya san yadda fetur ya zama. A layin gidan mai aka sace mini murfin tanki, sannan sau biyu aka zura tiyo aka zuƙe mini mai. Sai dabara ta zo mini, irin tawa. Na dunƙule baƙar leda na tura cikin wuyan tankin da sanda, na toshe bakin da tsumma. In zan sha mai in zaro ta da waya. Wata rana na zura waya ban ji ta ba, na ce ta faɗi a hanya, na sayi sabon murfi, na manta.

Ana shirin miƙa mulki ga farar hula, gari ya cika da 'yan takara, motar ta fara ciwo. Za ta tashi lafiya, ta yi tafiya kaɗan, sai ta kama shessheƙa, in taka totur ta ƙi, ta mutu. In ta huta kamar shan shayi, ta tashi kamar ba ita ba.

Iliya ya buɗe bonet ya ce, "Taubashi, wannan tsohuwar taka yunwa take ji. Kai da ita duk ɗaya."

Ya zare tiyon da ke shiga kafireta, ya ce in murza makulli. Mai ya yi tsartuwa sau biyu ya tsaya. Ya wanke kafireta, ya hure 'yan ramukanta da baki. Ya canza filta. Na dawo bayan kwana biyu, ya kwance famfon mai ya sa masa sabuwar roba. Ya hura tiyon baya har aka ji tanki na ɓulɓul, mota ta yi yini guda lafiya, ta koma.

Ya goge hannu ya ce, "Gaba dai lafiya lau. Abin yana baya. Kawo jarkoki mu juye man, mu sauke tanki. Ka taɓa jefa wani abu ciki?"

Na ce, "Mi zan jefa? Ni mahaukaci ne?"

"Ban rantse ba."

Na ƙi. Tankin cike yake, kwana biyu na yi a layi kafin in same shi, kuma zuciyata ta raya mini cewa in aka juye ba duka zai koma ba. Iliya fa. Wanda muka ci tuwo a akushi ɗaya.

Ranar wani babban gangami aka ɗora mini lasifika da maroƙa, ni ne gaban ayari. Daidai bakin Ƙofar 'Yandaka, unguwar da aka haife ni, motar ta mutu. Motoci suka jeru a baya suna oda, maroƙin da ke kan motata ya juya lasifikar kaina ya fara yi wa tsohuwar motata kirari. Mata na leƙowa ta katanga. Aka ture ni gefe kamar mataccen jaki.

Daga nan rumfar Iliya na nufa, da ƙafa. Direbobi sun fi goma a wurin. Na ɗaga murya na ce ya cire mini kayan asali ya sa ruɓaɓɓu, ya sayar da nawa. Da fari ya yi dariya, ya ɗauka wasan taubasai ne. Sai na rantse. Da bare ne ya faɗa da an ce ƙiyayya ce, amma ɗan uwa ne, wanda ya fi kowa saninsa. Kafin damina ta fita rumfar ta bushe. Ya sayar da kayan aikinsa, ya koma Kambarawa yana acaɓa, da furfurarsa.

Bayan an rantsar da farar hula tankin ya fara yoyo, dole aka sauke shi wajen mai walda. Ya zazzage, ga ledata, ta yi laushi kamar ganyen yauƙi. In famfo ya ja, ta manne a bakin bututu. In mota ta mutu, ta saki ta yi iyo. Mai waldan ya ɗaga ta ya ce, "Wane azzalumi ne ya yi maka wannan?" Na ce ban sani ba.

Ina yaro na ɗauka tatsuniyar Iya Dije a kan rowa take. Sai da na tsufa na ga ba rowar ba ce ta kashe mai gora. Ya gwammace ya zargi mutum da ya bari a leƙa cikin kayansa.

Na je na sami Iliya a bakin titi, zaune kan babur. Na ciro ledar daga aljihu, na miƙa masa. Ya karɓa ya jujjuya ta, ya shinshina, ya mayar mini a tafin hannu. Shekara biyu ke nan da muka kai shi makwancinsa, har yau ban ba shi amsa ba.

Abin da ya ce mini ranar a bakin titin shi ne, "Mai goran Iya dai shi kaɗai ƙishirwarshi ta kashe. Kai ka fi shi dabara, Taubashi. Ni ka sa na ji ta."