Jan Harshen Direba

Mutumin nan da ke zaune a bencin wani ƙaramin asibiti a unguwar Al-Shifa, can ƙasar Larabawa, kana gani ka san direba ne, makulli a yatsa, tumbi ya yi gaba, ƙafafu sirara. Takardar gwajin jini ce a hannunsa, ya ninke ya buɗe har ta yi laushi, an zagaye lambobi uku da jan biro. An ce kitse ya rufe masa hanta. Shi ne ya zo wajen likitan ƙasar Sin mai gane ciwo ta duba harshe, ya ji ko abin ya yi nisa. Awa ɗaya kafil, ubangidansa, ya ba shi, ƙila kuma sai wani watan.

To fargaba ta sa tun zuwansa yake ta ɓantarar goro. Ana kiran sunansa, Buraima, ya shige, minti biyu ya fito, tafinta Bahaushe na biye da shi.

"Baba, harshenka ja wur. Likita ya ce ba zai gane na ciwo da na goro ba. Bukra ka dawo, gobe ke nan."

"Ɗana, ba ni da bukra."

Ga shi nan a bakin famfo yana dirzar harshe da asuwaki, waya na ruri a aljihu, kafil ne. Ya zaro wa tafinta harshe. "Ya fita?"

"Dirzar ma ƙara masa ja take. Zauna, sai ya saki da kansa."

Wayar ta sake ruri. Buraima ya kashe ta, ya zauna, baki buɗe.